Jar ƙasar Potiskum da tukunyar da ke bayan Naira 20

Matafiyin da ya biyo hanyar Azare zuwa Potiskum a tsakiyar bazara, kafin idonsa ya kai ga kasuwar shanu ko jerin tirelolin da garin ya yi suna da su, ƙasa zai fara gani. Ja ce a wurare da dama, tana kama ƙafar wando da gindin mota, in iska ta taso kuma ta shafa wa katangu launinta. Ga direba da ɗan kasuwa ƙura ce kawai, abin kakkaɓewa. Sai mutum ya ratsa ta inda ake kife randa da tulu da kaskon turare da tandar waina ne zai lura cewa ƙasar nan da ake kakkaɓewa ita ce adon da masu ginin tukwane suka dogara da shi tun kaka da kakanni.

Launin nata na tsatsar ƙarfe ne. Abin da ke fitowa a jikin ƙusa ko kwanon rufi bayan damina ta yi musu duka, shi ne a cikin jangargari da marmara, sai dai na ƙasa ya daɗe da gauraya da yumɓu da yashi. Masana duwatsu suna kiran shimfiɗar ƙasar da ta taso daga yankin Bauchi da Gombe ta shigo kudu maso yammacin Yobe da sunan Kerri-Kerri, wato sunan Karekare, ɗaya daga cikin al'ummomin da ke zaune a Potiskum tare da Ngizim da Bolewa da sauransu. A cikin shimfiɗar akwai dutsen yashi, akwai farar ƙasa, sannan ga ɓawon marmara a samanta. Duk wanda ya san aikin tangaran, da ya ji wannan jeri zai gyara zama.

Yadda ake ado da jar ƙasa a gargajiyance ba ɓoyayye ba ne. Akan jiƙa ta, a tace, a bar ta ta kwanta, a ɗebi mai laushin a shafe jikin tukunya tun ba ta gama bushewa ba. Daga nan sai guga da santsin dutse, ko da 'ya'yan kuka da aka jera a zare, har fatar tukunyar ta ɗauki sheƙi. Gashi kuwa a fili ake yi, da kara da ciyawa da itace da busasshen kashin shanu, zafin wutar yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Selshiyas. In wutar ta sami iska sosai, tukunya ta fito ja. In aka lulluɓe ta da ƙaiƙayi tana da zafi, hayaƙi ya shige ta, ta koma baƙa wuluk. A ƙasar Gwari har ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, suke yayyafa wa tukunya da zafinta don ta ƙara ƙarko da duhu. Ba wanda ya koyi wannan a aji, amma kimiyya ce cikakkiya.

Sana'ar dai tana cikin matsi. Jarka da bokitin roba sun ƙwace aikin tulu, tukunyar alminiyum ta kori ta ƙasa daga murhu a gidaje da yawa, kayan ɗakin amarya kuwa yau tangaran ne na ƙasar Sin. Idan maganar tallafa wa magina ta taso a ofisoshinmu na Abuja, amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a zamanantar da su: a kawo musu na'urar juyi, a koya musu rufe tukunya da gilashi irin na faranti, a yi mata zane, ta shiga kanti. Shawarar ba banza ba ce. Amma an taɓa gwada ta a ƙasar nan da kuɗin gwamnati, shekara saba'in da suka wuce, a wurin da ba shi da nisa da teburin mai rubuta takardar, kuma abin da ya fito daga gwajin ya cancanci a duba shi kafin a sake sa hannu a kan wata.

Abin da ya faru a tsohuwar Abuja

Mai karatu ya laluba aljihu ko aljihun tebur, in Allah Ya sa akwai Naira 20 da ta rage, tunda yanzu ko ruwan leda da wuya ta saya. A gabanta hoton Janar Murtala Muhammed ne. A bayanta kuwa wata mata ce tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, kuma tun 2007 hotonta yake kan takardar. Akwai titi mai sunanta a birnin tarayya, ma'aikata da yawa suna bin sa safe da yamma ba tare da sanin abin da ya kai ta wannan matsayi ba.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Baturen Ingila, Michael Cardew, a matsayin jami'in tukwane a Sashen Ciniki da Masana'antu. Ba baƙon Afirka ta Yamma ba ne, domin tun 1942 yake fama da yumɓu da wuta a ƙasar Gana, har ya kafa wurin gini a Vume, bakin kogin Volta. Da ya zagaya Najeriya ya ga tukwanen gargajiya, ra'ayinsa shi ne ba su buƙatar gyaran kowa, sun dace da aikin da ake yi da su. Giɓin da ya gani yana wajen kayan tebur: kofin shayi, faranti, butar shayi, kwanon miya, waɗanda sababbin ma'aikata suka fara buƙata kuma ake shigowa da su daga waje. Ya zaɓi garin Abuja, wanda yau muke kira Suleja, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A 1952 Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki.

A gidan Sarkin ne Cardew ya fara ganin randunan wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, wadda ta koyi gini tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, mace ta farko da ta yi hakan. Ta koyi na'urar juyi, ta yi kwanoni da kofuna, amma abin da ya fitar da sunanta shi ne randar Gwari da ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta saba, tana zagaya ta tana ɗora yumɓu. Ta kan tsaga jikin randar da zanen ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, a cike tsagar da farar ƙasa, a kankare abin da ya yi saura, a rufe da ruwan gilashi, sannan a gasa a tanderun itace a zafin da ya kusan digiri 1,300. Yumɓun yana da ƙarfe a jikinsa, saboda haka sai randar ta fito da duhu mai zurfi, tsakanin kore da ruwan ƙasa, fararen layukan suna leƙowa ta ƙarƙashin gilashin. Sauran kayan cibiyar, farantai da tulunan mai da kwanoni masu murfi, da yawansu da tsatsar ƙarfe aka yi musu zane ko aka rina gilashinsu.

An nuna kayan cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Ladi Kwali ta zagaya Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta sami lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1980, ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Ta fuskar fasaha babu wanda zai ce cibiyar ba ta yi nasara ba. Ta fuskar abin da aka kafa ta dominsa kuwa, labarin ya sha bamban. Masu sayen kayan galibinsu Turawa ne da manyan ma'aikata da masu tara kayan fasaha. Talaka ya ci gaba da shan ruwa a randarsa ta gargajiya, yana cin tuwo a kwanon sha ko akushi. Randar Ladi mai gilashi ma, duk kyanta, ta yi nauyi, kuma ba ta sanyaya ruwa. Ta tashi daga kayan aiki ta koma kayan kallo.

Ƙarfe ɗaya, launi iri-iri

Abin da ake kira rufin gilashi ba fenti ba ne. Garin duwatsu ne da toka da yumɓu da ake damawa da ruwa kamar kunu, a tsoma tukunyar da aka riga aka yi wa gashin farko, ruwan ya tsotse, garin ya zauna a jikinta kamar alli. A gashi na biyu sai garin ya narke ya zama siririn gilashi da ya manne har abada. Abu uku yake buƙata: silika, wato ainihin sinadarin yashi, wadda ita ce gilashin, abin da zai sa ta narke a zafin da tanderu zai iya kaiwa, kamar toka ko farar ƙasar siminti ko wani farin dutse da ake kira felsfa, da ɗan yumɓu da zai riƙe narkakken kada ya zube ƙasa. In an tsaya nan, gilashin ba shi da launi. Ƙarfe ne mafi arha cikin abubuwan da ke ba shi launi.

Abin mamakinsa shi ne launin da yake bayarwa ya danganta da irin numfashin da wuta ta yi. Idan tanderu yana samun wadatacciyar iska, tsatsar tana nan a matsayinta, sai ta ba da ruwan zuma, ko ruwan ƙasa, ko ja mai duhu. Idan kuwa mai gashi ya rage ƙofar iska ya ƙara itace, wutar takan ji yunwar iskar oksijin, sai ta shiga ƙwace wadda ke jikin tsatsar. Ƙarfen da aka ƙwace wa iska yakan sauya hali: launinsa ya koma kore ko shuɗi-shuɗi ko baƙi, ya kuma zama mai taimaka wa gilashi narkewa. Ke nan kwano biyu da aka tsoma a ruwa ɗaya, aka gasa a wuta daban-daban, za su fito kamar ba uwarsu ɗaya ba. Wannan ne ya sa tanderun lantarki, wanda ba ya cin iska, ba ya ba da irin launin da na itace ko na gas ke bayarwa.

Sai kuma yawa. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tsatsa a cikin gilashi, a wutar da aka toshe wa iska, yana ba da koren nan mai sanyi da maginan ƙasar Sin suka shahara da shi. Idan aka kai kashi 8 zuwa 10, sai a sami baƙi mai sheƙi wanda yake karyewa ya koma ruwan tsatsa a bakin kwano da duk inda gilashin ya yi siriri. Irinsa ne a kofunan shayin da aka yi a lardin Fujian zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, waɗanda Japanawa suka raɗa wa suna temmoku, kuma irinsa ne aka riƙa yi a Abuja. In aka zarce haka, gilashin ya ƙoshi, sai ƙarfen da ya yi saura ya taso sama yayin hucewa, ya yi ƙyalli ja kamar garwashi.

Ba ma sai da gilashi ba. Tukwanen Girka na dā, masu hotunan mutane baƙi a kan ja ko ja a kan baƙi, da tataccen yumɓu mai ƙarfe kawai aka zana su. Maginan Atina, shekaru kusan 2,500 da suka wuce, suna buɗe wa wuta iska, su toshe, su sake buɗewa a gashi guda, inda aka shafa tataccen ya tsaya baƙi, sauran jikin ya koma ja. Maginiyar da ke lulluɓe tukunya da ƙaiƙayi a ƙauyukan Fika ko Nangere ba ta yi nisa da wannan ilimi ba.

Wajen ɗora tsatsar a jikin kayan ne gwaninta take bayyana. Wasu suna dama garinta da ruwa su zana da buroshi a kan tukunyar da aka yi wa gashin farko, sannan su rufe da gilashi mai haske, zanen ya zauna a ƙasa, gefensa a tsaye. Wasu sai sun tsoma kayan a ruwan gilashi ya sha iska, sannan su zana a samansa. A wuta zanen yakan nutse cikin gilashin, gefensa ya ɗan baje kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, kuma wannan ya fi kyau a kan farin gilashi. Amma hanya ce da ba ta yafiya, domin busasshen garin yana shanye ruwan buroshi nan take, hannu ɗaya ake ja, ba gyara. Malamin da ya saba jan alƙalami a allo zai gane abin da ake nufi. Hanya ta uku ita ce ta fi kusa da hannun maginanmu: a tsaga zane, a shafe jikin duka da ruwan tsatsa, a goge da jiƙaƙƙen soso, launin ya rage a cikin tsaga kaɗai, duk wani layi ya fito fili.

Kurakuran ma sanannu ne. In tsatsar ta yi kauri a ƙarƙashi, gilashi ba ya kama wurin, sai ya janye ya bar tabo busasshe mai kaushi. In ta yi kauri a sama, a wutar da aka toshe wa iska, zanen ya narke ya zubo, tsuntsu ya koma ɗigon hawaye. In ta yi ruwa-ruwa kuma gilashi ya cinye ta, a buɗe tanderu a tarar ba komai. Ga ta da ɓata hannu: ɗan yatsa ɗaya ya taɓa busasshen zane, tambarinsa zai fito bayan gashi. Maganin da magina a ƙasashe da dama suke yi wa wannan shi ne su zuba ɗan yumɓu a cikin damin, su kuma ɗiga ƙaro don garin ya manne. Ƙaron nan kuwa, wanda wani magini a Turai ke saye a 'yar kwalba da tsada, daga dazukan Yobe da Borno da Jigawa ake tsinko irinsa.

Randa ba ta son gilashi

Dalilin da ya sa randar Ladi Kwali ta daina sanyaya ruwa shi ne gaɓar da ya kamata duk mai tsara shiri ya riƙe. Tukunyar da aka gasa a ƙaramar wuta jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafi. Gumin randa shi ne firjinta. A gari irin Potiskum, inda zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, iska a bushe, wutar lantarki kuma sai an gani, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da zarar an rufe ƙofofin da gilashi, ko an gasa yumɓun har ya toshe, randa ta zama jarka mai nauyi.

Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya nuna inda darajar take. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai ga tumatir da yalo da alayyafo suna yin kwanaki ba su lalace ba. Dabarar ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, ta kuma samar wa magina aiki a ƙauyuka. Bai ƙara wa tukunyar ko ɗigon gilashi ba. Haka ma tukunyar girki: sakin jikinta ne yake ba ta damar zama a kan harshen wuta ba ta tsage ba, abin da farantin tangaran ba zai jure ba. Tandar waina da kaskon turare duk wannan hukunci ya hau kansu.

To ina gurbin gilashi da zanen tsatsa? Yana inda Cardew ya hango tun farko, a kayan da ake son kada su tsotsi mai ko miya, su kuma wanku tas: kofi, faranti, kwanon miya, mazubin zuma da man shanu, tayil na bango. Wannan sabuwar sana'a ce a gefen tsohuwa, ba magajiyarta ba. Kuma a nan ne Potiskum take da abin faɗa, domin yawancin abin da ake buƙata yana kewaye da ita. Jar ƙasa da marmara su ba da launi. Farar ƙasa ta shimfiɗar Kerri-Kerri ta shiga jikin kayan da kuma farin ado. Tokar itace ta gidajen burodi da masu tuya tana narkar da gilashi. Tokar buntun shinkafa, wadda masu casa a fadamun Gashuwa da Nguru ke rasa yadda za su yi da ita, galibinta silika ce, kuma maginan Japan sun daɗe suna yin farin gilashi mai kauri da irinta. Har ƙashi yana da rana: tokar ƙashin shanu ce ake ƙara wa gilashi mai yawan ƙarfe don ya fito ja sosai. A garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, ƙashi ba zai yi wuya ba.

Akwai wani abin da yakan ba sababbin shiga mamaki. Jan yumɓun fadama da ake gina randa da shi ba ya jure babbar wuta. Tun kafin a kai digiri 1,200 yakan lanƙwashe, ya kumbura, wani ma ya narke. Wanda bai sani ba zai ce yumɓun ba shi da kyau. Wanda ya sani kuwa sai ya tace shi, ya haɗa da toka, ya mai da shi ruwan gilashi mai launin ƙasa, ya shafa a kan jikin da aka gina da yumɓu mai jure wuta. Abin da ya kasa zama tukunya ya zama rigarta.

Haɗari biyu ne a hanyar, kuma na farkon ya fi ba ni tsoro. Tanderun da zai kai digiri 1,250 zuwa 1,300 yana buƙatar bulo mai jure wuta da gwanin gini. Wanda ba shi da su, aka kuma ce masa lallai sai kayansa sun yi sheƙi, gajeriyar hanyar da ke gabansa ita ce dalma, domin tana narkar da gilashi a ƙaramar wuta, ta ba da ƙyalli mai ɗaukar ido. A ƙasashen da ake yin haka, irin su Meziko, an daɗe ana fama da gubarta a jinin yara. Abinci mai tsami ne yake jawo ta daga jikin kwano, mu kuwa kunun tsamiya da zoɓo da nono ne abin shanmu. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tsatsar ƙarfe ita kanta ba guba ba ce, gilashin babbar wuta kuma ba ya buƙatar dalma ko kaɗan. Horon mako biyu da za a yi a raba takardar shaida a watse, ba tare da tanderun kirki ba, shi ne zai iya tura mutane ga dalma.

Na biyu itace ne. Tanderun Abuja da itace yake aiki, kuma an zaɓi garin ne tun asali saboda dajin da ke kewaye da shi. Yobe ba ta da wannan gata; jiha ce da hamada ke ci daga arewa, inda gwamnatin tarayya da kanta take kashe kuɗi wajen dasa itatuwa. Gashi ɗaya na babbar wuta yakan ɗauki yini guda ko fiye ana ciyar da tanderu ba tsayawa. Duk shirin da bai faɗi abin da za a ƙona ba, gas ne ko buntu ko wani abu, da kuma nawa zai ci a kan kowane kofi, bai fara ba tukuna.

Ilimin kuwa yana cikin ƙasar, ba sai an ɗauko wani Cardew ba. Bayan tafiyarsa a 1965 Michael O'Brien ya karɓi cibiyar, ɗalibanta da ɗaliban ɗalibanta kuma suka buɗe wuraren gini a Minna da Maraba kusa da Kaduna da Bwari, wadda ke cikin yankin birnin tarayya, tafiyar da ma'aikaci zai yi ranar Asabar ya dawo kafin la'asar. Ana koyar da aikin tangaran a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi. Hukumar binciken albarkatun masana'antu ta RMRDC aikinta ne sanin inda kowace ƙasa take da abin da ta ƙunsa, cibiyar PRODA ta Enugu kuma ta daɗe tana aikin tangaran. A Potiskum ɗin kanta akwai Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya, wurin da ƙaramin tanderun gwaji zai iya zama a ƙarƙashin idon malamai. Abin da ya rage shi ne mai haɗa waɗannan a takarda ɗaya, kuma irin wannan aiki a teburin mataimaki na musamman ko mataimakin darakta yake farawa.

Kasuwar farko ma tana hannun masu karanta wannan shafi. Babu watan da zai wuce ba a yi bikin sallamar wanda ya yi ritaya ko taron bita ko tarbar baƙi daga waje ba, kuma kofunan da ake bugawa da tambarin ma'aikata a raba, kusan duk daga waje suke zuwa. Odar kofi 500 a shekara daga ma'aikata ɗaya ta ishi ƙaramin wurin gini ya san zai kunna wuta wata mai zuwa. Cibiyar Suleja, wadda yanzu take ɗauke da sunan Ladi Kwali, jaridu sun sha ba da labarin yadda ta koma bayan da hankalin hukuma ya bar kanta. Tanderu in ba a kunna shi ba, damina ce take gadonsa.

Kafin a kai ga oda, matakin farko ƙarami ne, kuɗinsa bai kai na hayar zauren taro na yini ɗaya ba. A ɗebo ƙasa daga wurare biyar ko shida a kewayen Potiskum da Fika da Nangere, tare da maginan da suka san ramukan, domin su ne suka san wadda ke tsagewa da wadda ke jurewa. A yi 'yan fale-falen gwaji kamar tafin hannu, a rubuta wa kowanne lamba a baya da ruwan tsatsa, tunda ita wuta ba ta goge ta. A shafa musu gilashin toka mai ƙarfe kashi 1 da 2 da 4 da 8 da 12, a gasa rabi a wuta mai iska, rabi a wadda aka toshe, a Zariya ko Bauchi ko Bwari. A kai waɗanda suka yi kyau ɗakin gwaji a jiƙa su da ruwan tsami a tabbatar ba abin da ke fita daga jikinsu. Fale-falen da suka tsira, su za a ɗora a kan teburin kwamiti tare da takardar neman kuɗi.